Kircin Riƙo: Yadda Fata Ke Ƙin Abin da Ta Saba Taɓawa



Mai yiwuwa ne wasu su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan cutar fata, alhali ga likitoci a gari. Dalilina shi ne, kafin majiyyaci ya isa gaban likita ya riga ya raɗa wa cutarsa suna, kuma sunan nan shi ke nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko ta asibiti, ko ta mai saiwa, ko ta kantin magani, ko kuwa ta wanda zai gaya masa wane ne ya yi masa jifa. Suna kuwa aikin masu nazarin harshe ne. Sa'an nan kuma rubutu a kan magani ba baƙon abu ba ne ga malaman ƙasar nan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya bar rubuce-rubuce a kan basir da ciwon ido. Misalan da zan kawo sun shafi irin rayuwar da ake yi a garuruwanmu na kudu da birnin Sakkwato, kamar Dandin Mahe ta ƙasar Shagari da maƙwabciyarta Boɗinga, inda manomi da birkila da baduku da mai ƙunshi suke cin kasuwa ɗaya.

Sunayen cututtukan fata

Bahaushe ya wadata da sunayen cututtukan fata. Akwai ƙazuwa, akwai makero, akwai ƙyasfi, akwai borin jini, akwai tautau, akwai kirci. Idan aka lura za a ga galibin sunayen nan siffar ciwon suke nunawa, watau yadda ido ya gan shi. Kaɗan ne suke nuna sanadi, kamar tautau da ake danganta shi da gizo-gizo. Ilimin likitanci na zamani kuwa sanadi yake bi. A wurinsa ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke haƙa rami cikin fata, shi ya sa take bin gida kaf, kuma take tsananta ƙaiƙayi da dare. Makero da ƙyasfi nau'in naman gwari ne ke tsirowa a fata. Borin jini kuwa ruɗu-ruɗu ne da ke fitowa cikin 'yan mintoci, ya bar wannan wuri ya koma wancan, ya baje kafin kwana ɗaya.

Kalmar kirci ita ce ta fi ɗaukar kaya. Duk fatar da ta yi ƙuraje masu ruwa, ta yi ɓawo, ta yi kauri, ta dinga ƙaiƙayi, sai a ce kirci ne. To, amma kirci iri-iri ne. Akwai wanda ake tashi da shi tun ƙuruciya, mai zama a lanƙwasar gwiwa da ta hannu, wanda yakan bi zuriyar da ke da fuka. Wannan ba shi ne batunmu ba. Batunmu shi ne kircin da wani abu na waje yake jawowa idan ya taɓa fata, shi kuma ya kasu kashi biyu. Tun da ba mu da sunayen da suka raba su, ina ba da shawarar a kira na farko kircin ci, na biyu kircin riƙo.

Kircin ci ba ya buƙatar dogon bayani, don kowa ya san shi. Mukan ce sabulu ya ci hannu, ko ruwa ya ci ƙafa. Ruwan toka, da garin sabulun wanki, da kananzir, da nonon tumfafiya ko na tinya, duk suna yi wa fata ɓarna kai tsaye, kuma suna yi wa kowa idan suka yi yawa ko suka daɗe. Ƙaiƙayin da ke komawa kan masheƙiya ma ɗan gidan nan ne. Wannan kashi shi ne mafi yawa a cikin kircin da taɓi ke jawowa.

Kircin riƙo dabam yake. Mukan ce wane mai riƙo ne, watau idan aka ɓata masa ba ya mantuwa. To, haka fatar mai wannan ciwo take. Mutum goma za su sa 'yan kunne iri ɗaya, tara su zauna lafiya, ta goman kunnenta ya kumbura. Kuma ita ɗin ma mai yiwuwa ta yi shekaru tana sa su ba abin da ya same ta, sai rana ɗaya jikinta ya juya musu baya, daga nan kuma har abada. Mata suna da wata magana da ta yi kusa da gaskiyar al'amarin ƙwarai, inda sukan ce, “Man nan bai karɓe ni ba.” Gyaran da likita zai yi wa maganar kaɗan ne: jikin ne bai karɓi man ba.

Yadda riƙon ke ƙulluwa

Abubuwan da ke jawo wannan ciwo ƙananan sinadarai ne ƙwarai, masu iya ratsa fata. Idan suka shiga sai su manne wa furotin na jikin mutum, su sāke masa kama, har garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyi masu aikin gadi, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara bayyana su a 1868. Su ne ke ɗaukar baƙon nan su kai shi ga kaluluwa mafi kusa, a hammata ko a matsematsi ko a wuya, inda wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini zai koyi kamanninsa, ya hayayyafa, ya bazu cikin jiki duka. Wannan koyo yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kuma sau da yawa mutum ba ya ganin komai a fatarsa. Sai karo na gaba da abin ya sake taɓa shi, ƙwayoyin nan su taru a wurin su tayar da faɗa. Taruwar tasu takan ci kwana ɗaya zuwa uku.

A 1942, a birnin New York na Amurka, Karl Landsteiner, wanda shi ne ya gano rukunan jinin ɗan Adam, tare da abokin aikinsa Merrill Chase, sun nuna cewa idan aka ɗebi fararen ƙwayoyi daga ɓeran Masar mai wannan riƙo aka sa wa lafiyayye, shi ma sai ya kamu, amma ruwan jinin kaɗai ba ya ɗauke da shi. Ke nan riƙon yana cikin ƙwayoyi masu rai ne, masu tuni. Saboda haka babu wani tsimi ko jiƙo na “wankin jini” da zai fitar da shi, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta hanyar gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya.

Jinkirin nan na kwanaki shi ne tushen yawancin ruɗun da ake samu. Hankalin mutum yakan danganta ciwo da abin da ya faru yanzun nan. Wanda ya taɓa wuta ya san abin da ya ƙone shi. Amma wanda ya taɓa abu ran Litinin, ƙuraje suka fito ran Alhamis, da wuya ya haɗa biyun, balle ma idan abin nan tsohon abokin zamansa ne.

Lalle da dayis

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙunshi, domin a nan ne ruɗun ya fi tsada. Lallen gargajiya, wanda ake daka ganyensa a kwaɓa, da wuya ƙwarai yake jawo kircin riƙo. Launinsa ja ne mai duhu, kuma sai an yi sa'o'i da shi a ɗaure kafin ya kama. Iyayenmu mata idan suna son baƙi a kwalliya, katambiri da shuni suka sani. Abin da ya shigo daga baya shi ne baƙin lalle, wanda masu ƙunshi ke kira dayis, mai kamawa nan da nan, mai fitar da zanen fulawa ƙirin a hannun amarya. Ba lalle ne ke ba da baƙin nan ba. Galibi wani sinadarin rini ne mai dogon suna da ake taƙaitawa da haruffan PPD, wanda aka fara rina gashi da shi a Turai tun ƙarshen ƙarni na 19. Yana cikin sinadarai mafiya ƙarfin tayar da riƙo da aka sani, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya fi cancantar a yi hattara da shi a shekarar 2006. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi da aka haɗa ba, kuma ba ta yarda a yi zane da shi a fata ba. An taɓa auna wani baƙin lalle aka sami fiye da kashi 15 cikin 100.

Yanzu a duba lissafin kwanaki. Yarinyar da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, idan aka yi mata dayis ranar sa lalle, ciwon kan iya bayyana bayan kwana huɗu zuwa mako biyu. A lokacin nan an watse daga biki, tana ɗakin mijinta. Sai a wayi gari hannuwanta sun kumbura, sun yi bororo, suna tsattsafar da ruwa. Wa za a zarga? Mai ƙunshi ta riga ta fita daga lissafi, tun da ga ƙawaye da aka yi wa zane tare kuma lafiyarsu lau. Sai ido ya koma kan uwargida, ko kan wani da ya nema aka hana shi. A ganina babu abin da ya kai wannan muni a cikin al'amarin, a ce ɗan garin rini ya shuka gaba a gidan da ba a daɗe da shiga ba. Alhali shaida tana nan a fili ga mai son dubawa: ƙurajen suna bin zanen ne layi-layi, ganye-ganye, inda alƙalamin mai ƙunshi ya tsaya nan suka tsaya. Bayan sun warke sukan bar tabo baƙi ko fari mai siffar fulawar, na watanni, wani lokaci kuma tabon ya tashi ya yi tudu.

Kuma abin bai ƙare a hannu ba. Wadda ta kamu da riƙon PPD, duk ranar da ta rina gashinta da baƙin rini, fatar kai da goshi da fatar ido za su iya kumbura har ido ya rufe. Haka dattijon da ke rina furfurar gemu. Sinadarin yana da 'yan'uwa masu kama da shi a cikin baƙar roba irin ta taya, da wasu rinin tufafi, da wasu magungunan shafawa masu kashe zafi, jiki kuwa ba ya bambance su.

Ƙarfe, siminti da fata

Abin da ya fi kowane yawan jawo kircin riƙo a duniya shi ne ƙarfen nikel. Yana cikin 'yan kunne da sarƙa da awarwaro masu araha, ko da an yi musu ruwan gwal, yana cikin bayan agogo, da kan bel, da maɓallin wando, da sandar tabarau. Mata sun fi kamuwa, kuma babban dalili shi ne hudar kunne, domin ƙarfen yana zama cikin ɗanyen rauni kwana da kwanaki. Mu kuwa tun jaririya tana cikin zanen goyo ake huda mata. Gumi yana narkar da nikel daga jikin ƙarfe, wanda ya san bazarar Sakkwato kuwa ba sai an yi masa bayanin gumi ba. Binciken da Farfesa Yetunde Olumide ta asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ta buga a 1985 ya nuna cewa nikel yana kan gaba a cikin masu jawo wannan ciwo a Nijeriya ma. A Turai an kafa doka a 1994 wadda ta iyakance yawan nikel da kayan ado za su riƙa saki, bayan ƙasar Denmak ta riga ta gwada haka, kuma an ga kamuwa ta ragu a tsakanin 'yan matan can.

Maza kuma babban abokin gabarsu siminti ne. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967, kuma tun daga wancan zamani bulo yake ta maye gurbin tubali, har ya zama da wuya a sami gari a ƙasar Boɗinga ko ta Shagari da babu matasa masu cin abinci da kwaɓa siminti. Ɗanyen siminti yana yi wa fata lahani biyu. Na farko yana cin ta kai tsaye, saboda kaifinsa irin na ruwan toka ne mai tsanani. Na biyu, kowane irin siminti, ko na wace ƙasa, yana ɗauke da ɗan sinadarin kuromiyam da ya samo daga duwatsun da aka ƙona da kuma injunan niƙa. Cin da simintin ya yi, tare da faso irin na hunturu, su ke buɗe wa kuromiyam ƙofa. Shi ya sa birkila kan yi shekaru yana aiki kafin hannuwansa su fara bushewa, su yi kauri, su tsattsage. Wannan kirci yana da taurin kai, don sau da yawa yakan ci gaba ko bayan mutum ya bar sana'ar. Maganinsa na gaskiya a masana'anta yake. A farkon shekarun 1980 ƙasar Denmak ta wajabta zuba wani gishirin baƙin ƙarfe cikin siminti, wanda ke juya kuromiyam zuwa nau'in da ba ya ratsa fata sosai, ciwon kuwa ya ragu ƙwarai a tsakanin maginanta. Daga 2005 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da simintin da narkakken kuromiyam ɗinsa ya wuce kashi 2 cikin miliyan. Ƙarfin gishirin nan yana raguwa idan buhu ya daɗe a ajiye, don haka ake rubuta masa wa'adi.

Kuromiyam ɗin nan dai shi ne a cikin fatar da aka jeme a masana'antun zamani. Majeman gargajiya da suka fito da sunan fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, da bagaruwa suke jima, babu ruwansu da kuromiyam. Amma takalmin kanti da safar hannu ta fata galibi jimar zamani ce. Saboda haka birkilan da ya kamu, idan ya sayi safar fata don ya tsare hannunsa, ya gudu ne bai tsira ba. Silifas da takalman roba su ma suna da nasu sinadaran da ake ƙarfafa roba da su, kircinsu kuma yakan zana siffar igiyar takalmin a bayan ƙafa.

Sauran zan ambace su a gurguje. Tafarnuwa, wadda ake nomawa da yawa a fadamun jihar nan, takan tsattsaga kan babban yatsa da manuni da na tsakiya a hannun da ke riƙe ta wajen ɓarewa. Ƙaron ɓawon mangwaro da man kwanson yazawa sukan fito da ƙuraje a leɓe da gefen baki, alhali naman mangwaron kansa ba laifi. Turare da man shafawa masu ƙamshi sukan kama wuya da hammata. Akwai kuma wanda ya fi ban takaici, watau maganin da aka saya don a warkar da ciwon. Wasu mayukan kantin magani masu haɗe-haɗe suna ɗauke da niyomaisin, wanda shi kansa sananne ne wajen tayar da riƙo, musamman a tsohon gyambo. Sai mutum ya yi ta shafawa, ciwo yana faɗi, shi kuma yana ƙara shafawa.

Gano sanadi

Littattafan likitanci da yawa sun ce alamar farko ita ce fata ta yi ja. An rubuta su ne bisa farar fata. A tamu fatar jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ya ɗan kumbura, ya yi ƙananan ƙuraje, idan ya daɗe kuma ya yi kauri kamar ƙirgi. Saboda haka abin dogaro shi ne wuri da lokaci. Ciwon da ya tsaya a ɓangaren kunne, ko ya zagaye wuya, ko ya zauna ƙarƙashin cibiya daidai kan bel, ya riga ya faɗi sunan mai laifi. Ciwon hannu da ke lafawa idan birkila ya koma gona da damina, ya dawo idan ya koma gini da rani, shi ma ya yi magana.

Tabbatarwa kuwa sai da gwajin liƙi, wanda likitan fata Bajamushe, Josef Jadassohn, ya gabatar a 1895, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba. Akan ɗiga sinadarai kamar guda 30, kowanne an tsarma shi daidai gwargwado, a liƙa su a bayan majiyyaci da filasta. Za su kwana biyu, ba wanka a wurin, ba aikin gumi. Sai a cire a duba, a sake dubawa a kwana na uku ko na huɗu, wani lokaci har na bakwai. Inda ɗan kirci ya fito, sinadarin da ke wurin shi ne jiki ya riƙe. Gwajin jini ba ya nuna wannan ciwo. Aiki ne na likitan fata, irin wanda ake nema a manyan asibitoci kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma mai zuwa ya kamata ya tafi da duk abin da yake shafawa ko yake sawa, har da kwalaye da kwalabensu.

Wanda yake zargin man shafawa yana iya ɗan gwadawa a gida, ya shafa kaɗan a cikin hannu kusa da gwiwa, safe da yamma, har mako guda. Amma fa wannan ga abin da aka yi don ya zauna a fata ne kurum. Kada a gwada dayis ko rinin gashi ko siminti ta haka, domin gwajin kansa yana iya ƙulla riƙon da a da babu shi.

Magani da rigakafi

Idan aka rabu da sanadi, ciwon yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, ko da yake duhun tabon yakan fi haka daɗewa. Likita kan ba da man da ke kwantar da kumburi na ɗan lokaci ƙayyadadde. Irin wannan mai, idan aka ɗauke shi abin shafawa na kullum, yana sirantar da fata, idan kuma ciwon makero ne aka ɗauka kirci sai ya ƙara masa faɗi. Basilin marar turare ko man kaɗanya tsantsa suna taimakon fatar da ta bushe. Idan fuska ta kumbura, ko wurin ya fara mugunya da zafi da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar.

Amma riƙon kansa ba ya warkewa, don haka dabara ta koma ga hana shi ƙulluwa tun farko. Jaririyar da za a huda wa kunne, a sa mata abin da aka tabbatar ba ya sakin nikel har raunin ya warke sarai. Amarya da ƙawayenta su tsaya ga jan lalle, yara ƙanana kuwa kada a kusance su da baƙin ko da na sallah ne. Mai ƙunshi ita ma ta tuna cewa ta fi kowa taɓa shi, tun da amarya sau ɗaya ake yi mata, ita kuwa kowane mako hannunta yana ciki. Lebura ya sa dogon takalmin roba da safar hannu mai rufin roba wadda ruwa ba ya ratsawa, kada ya shiga kwaɓi da ƙafa, ya wanke siminti daga jikinsa nan take da ruwa mai yawa, ya kuma sāke tufafin da suka jiƙe da shi. Wanda aka yi wa gwajin liƙi kuma ya roƙi likita ya rubuta masa sunan sinadarin a takarda, da dukan sunayen da yake ɓuya da su, domin a jikin kwalin rinin gashi ba kullum ake rubuta haruffan PPD ba, sau da yawa dogon sunan ne da ƙananan baƙaƙe a gefe, sai an kai takardar kusa da kwalin an gwama harafi da harafi.